Bikin fitilu na Sankt Martin a Kita: me ake yi a daren, me ya kamata in tanada?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum jama'ar gida. An ba 'yata mai shekara 4 takarda daga Kita, wato makarantar renon yara, cewa ranar 11 ga Nuwamba akwai "Martinsumzug", za a taru ƙarfe 5 na yamma, kuma kowane yaro ya zo da "Laterne". A ƙasan takardar an ce a biya kuɗin "Weckmann" kafin ƙarshen mako, sannan an ja layi a ƙarƙashin wata kalma, "Aufsichtspflicht". Muna wani ƙaramin gari ne kusa da Bonn a Jamus.

Wane ne wannan Martin ɗin? A cikin abin da za a yi, wanne ne ibadar coci, wanne ne al'adar gari kawai? Fitilar sayen ta ake yi ko haɗawa, kuma kyandir ake sa mata ko batir? Sai abin da za a raba wa yara: akwai alade ko giya a ciki? Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani daki-daki. Ba na so yarinya ta je ta tarar ita kaɗai ce hannunta babu komai, kuma ba na so in kai ta abin da ban san kansa ba.

Malam Bitrus

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Bari in ɗauki tarihin da tsarin tafiyar, masu sanin fitila da girki su ɗora.

Martin sojan daular Rum ne. An haife shi a ƙarni na 4 a garin Savaria, wanda yau ake kira Szombathely a ƙasar Hangari. Abin da ya sa ake tunawa da shi ya faru ne a ƙofar birnin Amiens, arewacin Faransa ta yau. Ana tsakiyar hunturu ya tarar da wani mabaraci ba sutura, shi kuma ba abin da ke hannunsa sai makami da alkyabbar soja. Ya zare takobi ya raba alkyabbar biyu, ya miƙa wa mutumin rabi. Wanda ya rubuta tarihinsa ya ce a daren Martin ya yi mafarki ya ga Yesu sanye da wannan rabin. Daga baya ya ajiye aikin soja, ya keɓe kansa ga ibada, a 371 aka naɗa shi bishop na birnin Tours. Ya rasu ranar 8 ga Nuwamba 397, aka binne shi ranar 11. Ranar jana'izar ce ta zama ranar bikinsa. 'Yan'uwa Katolika da suka taso a Najeriya su lura: ba shi ne Martin de Porres ba, wanda coci-coci da makarantu da yawa ke ɗauke da sunansa a gida. Wancan mutumin Lima ne ta ƙasar Peru, ranarsa 3 ga Nuwamba.

Ranar 11 ba hutu ba ce a Jamus, ana makaranta, ana aiki, kantuna a buɗe. Kuma ba kowane gari ke yin jerin gwanon, wato Martinsumzug, a ranar ba. Doki da 'yan badujala ba su wadaci kowace unguwa a dare ɗaya ba, shi ya sa ake rarraba shi tun daga farkon Nuwamba har tsakiyarsa. A wasu yankunan Furotesta, kamar Erfurt da Ostfriesland, ranar 10 ake yi, domin ranar aka haifi Martin Luther a 1483, washegari aka yi masa baftisma aka sa masa sunan waliyyin. Inda kike kuwa, yankin kogin Rhein, nan ne cibiyar al'adar. A 2018 jihar Nordrhein-Westfalen ta sa ta cikin jerin al'adun gado da take karewa.

Daren kansa kashi-kashi ne, kuma sanin kashin shi zai amsa miki tambayarki ta biyu.

Na farko taruwa. Idan Kita ɗin ta coci ce, sau da yawa ana fara shiga coci na minti 15 zuwa 20, a yi addu'a, a ba da labarin Martin. A takarda za ki ga "Andacht" ko "Gottesdienst". Wannan ibada ce kai tsaye. Wanda ba zai shiga ba ya kan gaya wa malamar ajin tun da wuri, ya jira a ƙofa, ya bi sahu idan an fito. Kita ta gwamnatin gari ta kan tsallake wannan, wasu ma "Laternenfest" ko "Lichterfest" suke kiran abin, wato bikin fitilu.

Na biyu tafiyar. A gaba mutum ne a kan doki da jar alkyabba da kwalkwalin sojan Rum. Kada ki sa ran hawan sallah, doki ɗaya ne tal, yana tafiya a hankali. Bayansa 'yan badujala, sai yara aji-aji da fitilunsu, 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana na tsare hanya. Ga ƙananan yara tafiyar ba ta cika wuce minti 30 zuwa 45 ba, ana tsayawa nan da can a yi waƙa. Waƙoƙin iri biyu ne: akwai waɗanda zancen fitila da wata da taurari kawai suke yi, akwai masu ba da labarin Martin da mabaracin, wasu baitocinsu na ambaton addinin Kirista. Ki nemi takardar waƙoƙin wurin malama ki karanta da kanki, ai tun Oktoba ake koya wa yaran.

Na uku wuta. Ana ƙarewa a fili inda aka hura babbar wuta, Martinsfeuer, a nan mai dokin da wani da ya yi shigar mabaraci za su nuna raba alkyabbar. Na huɗu rabon Weckmann, burodi mai siffar mutum, da abin sha mai ɗumi. Na biyar, a wasu unguwanni, yara su bi gida-gida suna waƙa ana ba su alewa.

Ko ya dace Musulmi ya halarta, da iya inda zai tsaya, wannan ba hurumina ba ne, malamin da kika yarda da shi za ki tambaya. Abin da zan ce kawai, ki kai masa bayanin kashi biyar ɗin nan yadda suke, kada ki dunƙule su ki ce "bikin Kirista" ko "wasan yara", don duka biyun ba su faɗi gaskiyar abin gaba ɗaya ba.

Malama Ladi

Sannu Maman Hanifa. Kafin ki sayi komai, gobe da safe ki tambayi malamar ajin abu biyu: a Kita za a haɗa fitilar ko a gida, kuma wa zai kawo sanda. Yawanci yara ne ke haɗa fitilar tare da malamansu, ko a kira iyaye wata yamma da ake cewa Bastelnachmittag. Amma sandar, Laternenstab, kusan kullum a wuyan iyaye take, kuma nan ne ake yawan samun matsala: fitila ta yi kyau, ranar tafiya babu abin rataye ta.

Sandar roba ce mai ƙugiya a baki da ɗan ƙwan lantarki da ke lilo a jikin waya. Ana samun ta a shagunan dm da Rossmann da manyan kantuna, kuɗinta 'yan Yuro kaɗan. Ki saya yanzu, don a makon farko na Nuwamba ta kan ƙare. Ga 'yar shekara 4 ki ɗauki gajera, santimita 40 zuwa 50. Doguwa tana rinjayar hannun yaro, fitilar ta riƙa jan ƙasa. Yawancinsu batir biyu na AA suke ci, wasu AAA, kuma ba a cika haɗa batir a cikin ledar ba. Ki gwada ta a gida cikin duhu, ki sa wasu batir biyu a aljihun rigarki na ciki, saboda sanyi na rage ƙarfin batir. In ƙwan yana kawowa yana ɗaukewa, mafi yawa murfin batirin ne ya yi sako-sako, salatif ɗaya ya gyara shi.

Idan a gida za ku haɗa, hanya biyu ce mai sauƙi.

Ta farko da kwali zagayayye, irin na cuku. A shagon kayan fasaha ana sayar da gindi da zoben sama tare, faɗinsu wajen santimita 15. Ki yanki farar takarda mai shara-shara, Transparentpapier, tsawo 50, tsayi 20. Kewayen kwalin wajen 47 ne, ragowar ita ce za ta hau kan juna. A yi ado tun takardar na shimfiɗe a tebur, ba bayan an naɗe ta ba: yarinya ta yayyage takardu masu launi ta manna, ko busassun ganyen kaka da aka danne cikin littafi kwana uku. Gam na sanda za ki ba ta, na ruwa yana sa siririyar takarda ta yamutse. Sai ki shafa gam mai ƙarfi a gefen gindin, ki naɗe takardar a kai, ki haɗe tsagar daga ƙasa zuwa sama, zoben sama ya zo a ƙarshe. Ki huda zoben wuri biyu masu kallon juna daidai, in sun kauce fitilar za ta karkace. Ki manna salatif a wurin kafin ki huda don kada waya ta yaga kwalin. Waya santimita 35 zuwa 40 ta isa. A tsakiyarta ki murɗa ɗan ƙaramin zobe, nan ƙugiyar sanda za ta zauna. In babu zoben, ƙugiyar ta riƙa zamewa gefe har fitila ta faɗi. Wannan aikin awa ɗaya ne, ko ana gobe biki za a iya yin sa.

Ta biyu da balan-balan, ta fi kyau amma tana son kwana biyu zuwa uku. A hura balan-balan ya kai faɗin santimita 20, a ɗora shi a bakin kwano. Gam ɗinsa shi ne Kleister, garin manna takardar bango, ana dama shi da ruwa yadda aka rubuta a kwalin a bar shi ya kumbura. Ki zaɓi wanda ba a zuba masa maganin fumfuna ba, tunda hannun yara zai shiga. In babu, rabin kofi na fulawa da kofi biyu da rabi na ruwa, a dama kamar koko a kan wuta na minti uku, a bari ya huce. A yayyage takarda gutsattsari kamar santimita 4 zuwa 5, a manna hawa uku ko huɗu, na farko fari, na sama masu launi. A bar fili kamar tafin hannu kewaye da ƙullin, nan ne bakin fitilar. Hawa biyu ba ya tsayawa, ya kan lotse. Hawa shida kuma haske ba ya ratsa shi, haka baƙi da shuɗi mai duhu suna shanye haske, ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo su ne ke haskawa. A rataye shi ta ƙullin a ɗaki mai iska. Kada a ɗora shi a kan hita: zafi na kumbura balan-balan ya tsage takardar, in ya huce kuma ya motse ya ja ta ciki. Sai ya bushe ƙamas, kin ƙwanƙwasa ya yi ƙara, sannan ki ɗan yanka kusa da ƙullin iska ta fita a hankali.

Batun kyandir, ga 'yar shekara 4 babu shi. Yaro yana lilo da sanda, yana juyawa ba ya duba na bayansa, rigunan sanyi kuma na roba ne, narkewa suke yi su manne a fata. Kita da yawa sun hana shi ma. Inda aka yarda ga manyan yara, sai an kafe ɗan kyandirin Teelicht a gindin da mariƙin ƙarfe, saman fitilar a buɗe, sandar ta katako mai ƙugiyar waya. Fitilar da aka yi da gorar roba kuwa batir kawai. In fitila ta kama wuta a ajiye ta ƙasa a ja yara baya, cikin daƙiƙu take cinyewa, wanda ya yi ta kaɗa ta shi ke ƙonewa.

Ki tafi da farar leda mai shara-shara babba. In ruwa ya sauko ki zura fitilar ciki ki ɗaure a jikin waya, haske zai fita, takarda ba za ta jiƙe ba. Ki rubuta sunan yarinyar a gindin fitilar da jikin sandar, don duk ajin iri ɗaya za su yi.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaya yau, sun ce sun haɗa fitilar, sanda ce tawa. Saura maganar abinci da kalmar nan da aka ja wa layi. Sannan maƙwabciyata ta ce yara za su ƙwanƙwasa mana ƙofa, me ake ba su? Kuma ina ta ganin "Martinsgans" a allunan gidajen abinci, shi kuma mene ne, ana iya yin sa a gida?

Baban Sadik

Maman Hanifa, barka da ƙoƙari. Aufsichtspflicht na nufin alhakin kula da yaro. Ma'anar layin: a daren nan ba malamai ke tsaron 'yarki ba, ke ce. Ba a kai yaro a juyo. Dole babba ɗaya ya kasance da ita daga farko har ƙarshe, in kuma akwai ƙaninta a keken jarirai, gara ku je ku biyu, don sau da yawa ana tura masu keke can bayan layi.

Ƙarin bayani kan abin da Malam Bitrus ya faɗa: a ƙauyuka da ƙananan garuruwan Rhein, ko Kita ta gwamnati ce ta kan shiga jerin gwanon gari ne, wanda kwamitin unguwa ke shiryawa tare da coci da makarantar firamare. Don haka sanin mai Kita bai wadatar ba, ki duba abin da aka rubuta gaban "Treffpunkt", wurin haɗuwa. Wannan kwamiti ne kan bi gida-gida kafin bikin neman gudummawar doki da badujala da burodin yara. Wasu suna haɗawa da tikitin ƙuri'a, wanda ya ci a ba shi dinya. Wanda ba ya son tikitin yana iya ba da gudummawarsa ya ce a bar shi.

Lokaci. A tsakiyar Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5 saura minti goma a yankin Bonn da Kolon, a gabashin ƙasar kuma ta riga haka da kusan rabin awa. Ke nan magariba ta zo daidai da taruwa, sai a tsara yadda za a yi salla tun kafin a fito. Yarinya ta ci abinci mai nauyi wajen ƙarfe 4, ta shiga bayan gida, don a hanya babu. Sanyin tafiya kaɗan ne, na tsayuwa a bakin wuta shi ne babba. Sutura hawa-hawa: 'yar ciki mai dogon hannu, suwaita, rigar sanyi, hula mai rufe kunne. Safar hannu mai yatsu ta fi dunƙulalliya, da dunƙulalliya sanda na suɓucewa. Takalmin roba na ruwa ba ya riƙe ɗumi sai mai gashi a ciki. Ki liƙa mata abin ƙyalli a riga, ki sa lambar wayarki a aljihunta, domin a duhu duk yara kama suke yi. Doki kuma a ba shi tazara, kada a tsaya bayansa, kada a haska masa filashi. Hoto ki ɗauki na 'yarki, amma kada ki sa fuskar 'ya'yan mutane a Facebook ko sitatus ba da yardar iyayensu ba, Jamusawa ba sa wasa da wannan kuma doka na bayansu.

Abinci. Weckmann burodi ne mai zaƙi mai siffar mutum, fulawa da madara da bota da sukari, yawanci ba komai a ciki. Amma wasu gidajen burodi na sa kitsen alade a kwaɓi, Schweineschmalz, kuma ba ya cikin jerin abubuwa 14 masu tayar da alaji da doka ta tilasta a bayyana. Takardar alajin ba za ta nuna miki ba, sai kin tambayi sunan gidan burodin kin je kin ce "Ist da Schmalz drin?", wato akwai kitsen alade a ciki?. Abin sha tukunya biyu ake ajiyewa kusa da juna, duka ja, duka suna ƙamshin kirfa. Glühwein giya ce, Kinderpunsch shayin 'ya'yan itace ne da ruwan tuffa ko inabi. Kada ki dogara da launi, ki tambaya "ohne Alkohol?", wato ba giya a ciki?. Tsiran Würstchen in ba a ce komai ba, yawanci na alade ne. A alewa mai taunuwa ki duba "Zutaten", jerin kayan haɗin: in an rubuta "Gelatine" kawai, mafi yawa ta alade ce, mai "Pektin" ko tambarin "vegan" babu ita. Cakulan mai ruwa a ciki a duba Rum, Weinbrand ko Likör, duka nau'in giya ne. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a gaya wa yaro tun a gida cewa ba a buɗe jaka sai an dawo, a ajiye wata alewar da za a musanya masa da wadda aka cire.

Bin gidaje kuwa, ki ɗauke shi kamar tashe: yara su tsaya a ƙofa da fitilunsu su yi waƙa, mai gida ya ba su wani abu. A Bonn "Schnörzen" ake ce masa, a Düsseldorf "Gripschen". Daga bayan wutar ne zuwa wajen ƙarfe 8. Gidan da ya ajiye kyandir ko fitila a taga ko bakin ƙofa, shi ke nuna ana maraba. In kina so su zo, ki kunna fitilar waje, ki tanadi alewa mai leda, ƙananan cakulan, lemon mandarin ko tuffa. Ki bari su gama waƙar kafin ki miƙa. Gyaɗa a bar ta, saboda alaji da shaƙewar ƙanana. In ba kya so, ki kashe fitilar waje. Akwai tsohuwar al'adar yi wa gidan da ya hana kirarin marowaci, wannan kam kada ki bari 'yarki ta koya.

Abu na ƙarshe, ranar 11 ga watan 11 da ƙarfe 11 da minti 11 ake buɗe kakar Karneval, bikin shigar ban dariya a tituna, a Kolon da Düsseldorf da Mainz. Ba ruwansa da fitilun yara, amma jiragen ƙasa tsakanin Bonn da Kolon kan cika da masu shigar ban dariya da kwalabe a hannu tun safe. Wanda zai dawo daga aiki ta nan ya ƙara lokaci, kuma kada a ratsa tsakiyar Kolon da yara a ranar.

Hajiya Saude

Ƙanwata, Gans ita ce dinya, 'yar'uwar agwagwa ce amma ta fi ta girma da dogon wuya da kitse. Labarin da ake ba yara shi ne Martin ya ɓuya a akurkinsu don kada a naɗa shi bishop, kukansu ya tona shi. Dalilin da ya fi ƙarfi na noma ne. A da ranar Martin ce ƙarshen shekarar manomi, ranar biyan galla da sallamar barori, kuma da dinya ake biyan wani ɓangaren. Ga hunturu ya ƙarato ba a iya ciyar da garken duka, ga azumin kwana 40 na kafin Kirsimeti da ake farawa bayan ranar. Sai a yanka a ci.

Ki fara da Weckmann, shi ya fi sauƙi, kuma in kin yi naki kin huta da tambaya. Fulawa giram 500, yis busasshe leda ɗaya mai giram 7, madara mililita 230, sukari giram 75, bota mai laushi giram 75, ƙwai ɗaya, gishiri ƙaramin cokali. Madarar ta yi ɗumin jiki kawai, in ta ƙona yatsa ta kashe yis, kwaɓin ba zai tashi ba. Ki murza minti 8 zuwa 10 har ya daina kama hannu, ki rufe awa ɗaya ya ninka. Ki raba shida, kowane wajen giram 155. Ki mulmula kamar dogon ƙwai, ki matse wuya da gefen hannu kai ya fito, ki tsaga ƙasa da almakashi ƙafa biyu, gefe-gefe hannu biyu. Zabibin ido da maɓalli ki jiƙa shi minti goma ki danna shi can ciki, in a sama ya tsaya kwaɓin na tashi zai turo shi waje ya ƙone. A bar su minti 20, a shafa gwaiduwa da cokalin madara, a gasa a digiri 180 minti 18 zuwa 20. Wanda ya wuce haka ya kan bushe. Na gidan burodi na zuwa da ɗan farin lofe na yumɓu, ana cewa sandar bishop ce aka juya, naki ba sai da shi ba.

Dinya kuma, yawancin ta kantuna daskararriya ce daga Polan da Hangari, ba yankan Musulmi ba. Ki tambayi mahaucin Turkawa ko Larabawa mako ɗaya ko biyu kafin lokaci. Mai kilo 4 zuwa 5 ta ishi mutum huɗu zuwa shida, rabin nauyinta ƙashi ne da kitse. Wadda ta fi haka da ƙyar take shiga obin ɗin gida. In daskararriya ce, kwana biyu a cikin firij a kan faranti, a zubar da ruwan da ta tsiyaye. Ki ciro ledar kayan ciki, ki ɓamɓare kitsen bakin ciki, ki yanke gindin wutsiya gaba ɗaya, akwai ƙullutun mai a wurin da ke sa nama ƙarni. Ki goge ta ta bushe, gishiri da masoro ciki da waje, a ciki ki ƙara Majoran da Beifuß, ganyen da Jamusawa ke haɗawa da nama mai kitse. Ki cusa tuffa uku masu tsami da albasa biyu, ki soke bakin da tsinke. Ki tsattsaga fata da tsinke a ƙasan cinya da gefen ƙirji don kitse ya samu hanya, amma kada ki kai nama, ruwansa zai tsiyaye ya bushe.

Faranti mai zurfi, rabin lita na ruwa, ƙirji a ƙasa, digiri 160. Bayan awa ɗaya ki juya ta. Duk rabin awa ki ɗebi romon ki zuba mata, ki kwashe kitsen da ya taru, zai iya haura rabin lita. In kin bar shi ya cika faranti zai fantsama ya yi hayaƙi, in kuma ya kama wuta a kashe obin a bar ƙofar a rufe, ba a zuba wa wutar mai ruwa. Mai kilo 4 da rabi tana cin awa uku da rabi zuwa huɗu. Ta nuna idan tsakiyar cinya ya kai digiri 80 zuwa 85, ko kin soka ruwa ya fito garau ba ja. Sai ki shafa ruwan gishiri, ki ɗaga wuta zuwa 220 na minti 10 zuwa 15 fata ta yi ƙarau, ki tsaya a wurin don nan take ƙonewa. Ta huta minti 15 kafin a yanka. In agwagwa kika samu, mai kilo 2 zuwa 2 da rabi, haka za ki yi mata, awa biyu zuwa biyu da rabi ta isa.

Mahaɗinta jan kabeji ne da curin dankalin Turawa da ake kira Klöße. Kabeji kilo ɗaya, tuffa biyu, albasa ɗaya, ruwan khal cokali uku, sukari cokali ɗaya, kanumfari uku, a soya albasar da kitsen dinyar, a rufe a kan ƙaramar wuta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Khal ɗin tun farko ake zuba shi, in babu tsami kabejin shuɗi yake komawa. Na kwalba da na firiza a karanta bayansu, wasu da Rotwein, wato jar giya, ko Schmalz. Klöße kuma ba a tafasa su, ruwan ya yi zafi yana motsi kaɗan na minti 20, tafasa na wargaza su.

Kitsen da kika kwashe kada ya bi ta magudanar wanke-wanke, daskarewa yake yi ya toshe bututu. Ki tace shi da ƙyalle cikin kwalba mai tsabta ki sa a firij, yana makonni, kuma ya fi man gyaɗa daɗin soya dankali. Za ki ga ko a firij bai yi tauri sosai ba, haka na zalla yake. Gänseschmalz na kanti da kike gani a daskare, sau da yawa an gauraya shi da na alade ne don ya tsaya, shi ma sai an duba bayan robar kafin a saya.